Yarona ya haddace sunayen siffofi amma ba ya gane su a cikin gida

Maman Sadiq:
Assalamu alaikum jama'ar gida, dan Allah shawara nake nema. Yarona yana aji ɗaya na firamare, an koya musu siffofi a makaranta, kullum sai ya dawo yana rera sakul, sikwaya, tirayangul kamar karatun aku, in ka nuna masa a littafi duk ya sani. Jiya ina tankaɗe na ɗaga faifai na ce Sadiq wannan wace siffa ce, wlh yaron nan sai ya ƙura min ido ya ce "Mama ai faifai ne". Na yi dariya amma abin ya tsaya min a rai. Ya ake yi yaro ya gane abin da ke littafi shi ne dai a tsakar gida? Ni ba malama ba ce, lissafin ma da ƙyar na tsallake shi.

Malama Hajara:
Wa alaikumus salam Maman Sadiq, ki kwantar da hankalinki, ai bai yi ƙarya ba faifan ne. Shekarata goma sha ɗaya ina koyar da ƙananan aji kuma kusan duk haka suke zuwa, saboda mu malamai da suna muke farawa kafin yaro ya taɓa abin da hannunsa. Ki juya abin. Ki ba shi faifan ya bi bakinsa da yatsa, ki tambaye shi ina ya ci karo da kusurwa, zai ce babu, to sai ki tura shi ya kwaso miki duk abin da ba shi da kusurwa a gidan, murfin tukunya, gammo, bakin ƙwarya, ramukan tandar masa, sai ya tara su sannan ki ce masa sunansu da'ira. Gobe tabarma da ƙofa da kwalin ashana. Alwatika ce ta fi wuya a samu a gida, ni murhu nake nuna musu, duwatsu uku, a ja layi da tsinke a ƙasa daga wannan zuwa wancan shikenan ta fito. Kuma dan Allah ki riƙa juya ta, a littafi kullum a zaune take tsininta sama, yara da yawa in ka kifa ta sai su ce ba ita ba ce.

Baban Yusra Magini:
Ni ta ɓangaren sana'ata zan yi magana. Mahaifina bai taɓa shiga boko ba amma in zai fitar da ɗakin jinka ko rumbu, turke yake kafawa ya ɗaura igiya ya zagaya da tsinke a bakinta, da'ira ce tsaf babu karkata. Ki yi masa wannan a tsakar gida, ko ki nuna masa akuyar da aka ɗaure a turke yadda take cinye ciyawa a zagaye. In kuna Kano ki kai shi marinar Ƙofar Mata ya ga bakin rijiyoyin rini, sannan ya ɗaga kai ya kalli zankwaye a saman tsofaffin soraye. Babbar rigar babansa ma littafi ce, aikin aska takwas ɗin nan duk tsini-tsini ne.

Ɗan Agadas:
Hajiya ki haɗa masa da hotuna a waya, ya ga ba mu kaɗai ba ne. Hasumiyar masallacinmu na Agadas tun 1515 aka fara gina ta, tsayinta mita 27, da ƙasa zalla, gindi faɗi tana hawa tana tsukewa. Ki ajiye ta kusa da dalar Masar da hoton dalar gyada ta Kano ki ce ya faɗi kamarsu da bambancinsu. Akwai gidajen Musgum a arewacin Kamaru kamar an kifa rabin ƙwai, da matan Ndebele a Afirka ta Kudu masu zana bangon gidajensu da alwatika kala-kala. 'Yata da hoton Ka'aba ta gane siffa mai fuska shida, da kanta ta ruga kicin ta ɗauko dunƙulen magi wai ga irinta.

Maman Sadiq:
Kai na gode ƙwarai, Allah ya saka da alheri. Malama na gwada na faifan ɗazu da la'asar, yanzu haka duk murafan tukwanena suna tsakar ɗaki har da tayar keken yayansa, kuma ya kafe wai ƙwai ma da'ira ne, na ce a'a ya ce to ina kusurwarsa. Me zan ce masa?