Kek ɗin Japan ya ƙi min, cukun ne ko wutar?

Maman Biyu:
Assalamu alaikum 'yan uwa masu gashin kek. Don Allah ku taimaka min. Tun da na ga bidiyon shagon Rikuro na Osaka, yadda ake buga wa kek ɗinsu na cuku tambari yana rawa, na sa shi a rai. Jiya na gwada. Na sa ƙwai 6, siga giram 140, sai kirim cis na kwalba don shi kaɗai na samu a nan Kaduna. A cikin obin ya tashi har ya wuce bakin gwangwani, can sai saman ya tsage, ina fito da shi ya zauna. Da na yanka, ƙasan ya dunƙule kamar alale, ga gishiri. Wallahi na ji ciwo, don na yi wa 'yata alkawarinsa ranar walimar saukarta, saura kwana tara.

Anti Mai Kek:
Wa alaikumus salam ƙanwata. Gishirin daga cukun ne. Na kwalba don shafa wa burodi aka yi shi. Ki nemi kirim cis na Philadelphia wanda ba a haɗa masa komai ba, ko Kiri, ki tara ƙananan har giram 250. Ki duba kwanan watan jikinsa, ki kuma taɓa ki ji da sanyi, kin san halin wutarmu. Amma alalen nan na ƙasa daga farin ƙwai ne. Kada ki buga shi har ya sandare. In kin ɗaga miksa, bakin kumfar ya ɗan lanƙwaso kamar bakin tsuntsu, to ki tsaya nan. Ki zuba shi cikin haɗin gwaiduwar kashi uku, kina kwasowa daga can ƙasan kwano. Inda cokali bai kai ba, shi ke kwanciya ya dunƙule.

Uwar Gida Zariya:
Maman Biyu, kin ɗora gwangwanin cikin faranti mai ruwan zafi kuwa? Ban ga kin faɗa ba. Ni obin ɗina na gas ne, sai da na sayi ɗan ma'aunin zafi na rataya ciki na gane yana wuce abin da na saita. A 150 zuwa 160°C nake gasawa, awa ɗaya da 'yan mintuna. In ya yi, ki kashe wuta, ki ɗan buɗe ƙofar ki tokare da muciya, ki bar shi ciki minti 15.

Maman Biyu:
Kai, Anti, ruwan ne ban sa ba! Kuma na buga farin ƙwan har ya tsaya cak. Allah Ya saka muku da alheri. Asabar zan gwada rabin awo da ƙwai 3. Gwangwanina mai cirarren gindi ne, in naɗe shi da foyil ko ruwa zai shiga?