Ƙaura da iyali zuwa ƙasar waje: shin sai na ajiye fasfon Nijeriya?

Ma'aikacin jinya, Gwammaja:

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Ina neman shawarar 'yan'uwa, musamman masana shari'a da waɗanda suka riga mu tafiya, a kan wani al'amari da na yi watanni ina juya shi a zuciya. Ni ma'aikacin jinya ne, shekarata 16 ina aiki a wani asibiti a cikin birnin nan. Na ci jarrabawar Turanci ta OET, na kuma fara neman rajista da hukumar ma'aikatan jinya ta Birtaniya, wato NMC, amma wani abokin aikina yana ta ba ni shawarar in duba Kanada, domin a cewarsa can an fi saurin samun takardar zama ɗan ƙasa.

Ba ni kaɗai nake son tafiya ba, a nan kuwa gizo yake saƙar. Ina da mata biyu da 'ya'ya shida, huɗu na uwargida, biyu na amarya. Akwai kuma ɗan yayana marigayi da nake riƙo tun yana ɗan shekara uku, yanzu shekarunsa 11, bai san wani uba ba sai ni. Mahaifiyata ta haura shekara 70, a gidana take, kuma tun ranar da ta ji wani maƙwabci ya ce duk wanda ya karɓi fasfon Turawa ya sayar da ƙasarsa ke nan, ba ta ƙara sakin fuska ba idan an ɗauko zancen. Tambayata ita ce: idan na zama ɗan wata ƙasa, shin na daina zama ɗan Nijeriya? Yaya matsayin 'ya'yan da za a haifa a can? Kuma wane ne doka za ta bar ni in tafi da shi cikin mutanen da na lissafa? Allah Ya saka da alheri.

Lauya, Titin Gidan Zoo:

Wa alaikumus salam, Malam. Bari in fara da abin da zai kwantar wa Hajiya hankali. Kundin Tsarin Mulkin Nijeriya na 1999 bai hana ɗan ƙasa na haihuwa riƙe fasfo biyu ba. Sashe na 25 ya ce wanda aka haifa a Nijeriya bayan samun 'yancin kai, alhali ɗaya daga iyayensa ko kakanninsa ɗan ƙasa ne, to shi ɗan ƙasa ne ta haihuwa, haka ma wanda aka haifa a waje matuƙar uwarsa ko ubansa ɗan Nijeriya ne. Sashe na 28 da ake yawan tsorata mutane da shi yana magana ne a kan wanda ya samu zama ɗan Nijeriya ta hanyar rajista ko ta daɗewar zama. Irin wannan ne yake rasa matsayinsa idan ya je ya karɓi na wata ƙasar da ba a cikinta yake ɗan ƙasa na haihuwa ba. Saboda haka abin da za ka bincika shi ne ko cikin matanka akwai wadda asalinta 'yar wata ƙasa ce, kamar Nijar ko Chadi, ta zama 'yar Nijeriya ta dalilin aure a ƙarƙashin sashe na 26. Idan babu, wannan sashe bai shafi gidanka ba.

Ajiye zama ɗan ƙasa abu ne dabam da mutum yake nema da kansa a ƙarƙashin sashe na 29: sai ya cika shekara 18, ya rubuta sanarwa, shugaban ƙasa ya sa a yi mata rajista. Birtaniya da Kanada duk ba sa neman ka yi haka, domin dukansu sun yarda mutum ya riƙe ƙasa biyu. Ni ban taɓa ba mai irin halinka shawarar ya yi ba, domin wanda ya ajiye sai ya nemi biza kafin ya zo gaishe da mahaifiyarsa.

Wahalar tana ga tambayarka ta uku, kuma gara ka ji ta tun kana gida. Ƙasashen biyu ba sa ba mata biyu izinin zama a matsayin matan mutum ɗaya. A Kanada auren da aka ɗaura alhali miji yana da wata matar ba ya cikin wanda ake ɗaukar nauyin iyali da shi, auren mace fiye da ɗaya ma laifi ne a sashe na 293 na dokar manyan laifuffukansu. A Birtaniya kuwa, idan mace ɗaya ta shiga a matsayin matarka, ƙofa ta rufe wa ɗayar muddin auren na nan. Sannan dokarsu ta ce yaron da bai kai 18 ba yana bin iyayensa ne idan su biyun suna can, sai fa in ɗayan ya rasu, ko kai kaɗai kake ɗauke da nauyin tarbiyyarsa, ko akwai wani dalili mai ƙarfi ƙwarai. Ka ga ke nan 'ya'yan matar da ta zauna a Kano da wuya su bi ka Birtaniya. Riƙo irin namu, wanda dangi suke zama su ce wane ya ɗauki maraya, ba shi da takarda, kuma jami'in biza takarda yake karantawa; ko hukuncin kotu na riƙo ba lallai ne ya wadatar ba, don haka wannan yaron yana bukatar ka zauna da lauyan da ya san dokar shige da fice ta ƙasar da ka zaɓa.

Ina roƙonka, kada ka saurari duk dillalin da zai ce ka rubuta amarya a matsayin ƙanwarka, ko ka shigar da ɗan yayanka cikin 'ya'yan cikinka. A Kanada hukuncin bayanin ƙarya shi ne hana mutum shiga na shekara biyar, kuma ana iya ƙwace takardar zama ɗan ƙasa ko bayan an ba da ita idan aka gano da yaudara aka samu.

'Yar Fagge, mazauniyar Manitoba:

Assalamu alaikum, Yaya. Barista ya gama magana a kan doka, ni zan faɗi abin da na gani da idona, domin da maigidana da yara uku muka taso daga Kano. Mun shigo ta tsarin Express Entry, wanda Kanada ta fara a 2015, inda ake ba mutum maki gwargwadon shekarunsa da karatunsa da aikinsa da ƙwarewarsa a Turanci ko Faransanci. Makin shekaru yana fara raguwa da zarar mutum ya kai 30, saboda haka mai shekara 16 a bakin aiki ya kamata ya lissafa makinsa tun kafin ya kashe ko kwabo. Ka kuma sani cewa OET ba ta cikin jarrabawar da wannan tsari yake karɓa, sai ka sake zama ka rubuta irin su IELTS.

Abin da ake ba ka da farko izinin zama na dindindin ne, ba fasfo ba. Kafin ka nemi zama ɗan ƙasa sai ka yi kwana 1,095 a cikin ƙasar a tsakanin shekara biyar, masu shekara 18 zuwa 54 kuma sai sun ci jarrabawar sanin ƙasa, sun nuna shaidar iya harshe. Kwanakin nan ƙirga su ake yi ɗaya bayan ɗaya, duk zuwan da ka yi gida biki ko ta'aziyya an cire shi. Yaron da aka haifa a nan ɗan Kanada ne tun ranar haihuwa. A Birtaniya ba haka ba ne tun farkon 1983: sai ɗaya daga iyaye ya zama ɗan ƙasa ko yana da izinin dindindin lokacin haihuwar. Izinin dindindin ɗin nasu ana nemansa ne bayan shekara biyar a kan bizar aiki, kuma a watan Mayun 2025 gwamnatinsu ta bayyana niyyar mai da shi shekara goma ga mutane da yawa, don haka ka karanta ƙa'idar da take aiki a ranar da za ka cike takarda.

Abin da ya fi ba mu wahala kuwa sunaye ne. Daren da muka shimfiɗa takardunmu a kan tabarma muna jerawa, sai muka ga sunan maigidana a rubuce iri uku: Muhammad a fasfo, Mohammed a takardar digiri, Muh'd a takardar sakandare, ranar haihuwar babbar 'yarmu kuma ta bambanta tsakanin katin asibiti da takardar Hukumar Ƙidaya. Wata huɗu muka yi muna gyara wannan kaɗai. Ka fara da lambar NIN ta kowa, ka tabbata ta dace da takardar haihuwa da fasfo, ka nemi takardar aure daga kotu ko hukuma idan a masallaci kawai aka ɗaura.

Game da Hajiya, Kanada tana da biza ta musamman ga iyaye da kakanni wadda take ba su damar zama har shekara biyar a zuwa ɗaya, da sharaɗin inshorar lafiya da kuma samun kuɗin shiga da ya kai ƙa'ida. Amma ka tambaye ta ita kanta. Tawa mahaifiyar ta zo a watan Disamba, rana tana faɗuwa wajen ƙarfe huɗu da rabi, babu maƙwabciyar da za ta leƙo a gaisa, babu kiran salla daga masallacin unguwa. Wata uku ta yi ta ce a mai da ita Fagge. Ƙaramin ɗana kuma yana jin Hausa sarai, amma idan ta kira a waya da Turanci yake amsa mata, wannan kuwa yana ci mini rai har gobe.

Dattijo, Ƙofar Mata:

Ɗana, Allah Ya yi maka albarka da ka tambaya kafin ka ɗaure kaya. Tafiya ba baƙon abu ba ce a wurinmu. Bayan yaƙin Burmi a 1903 mutanenmu da yawa sun yi gabas, garin Mai Wurno da ke bakin kogin Nilu a Sudan shaida ne, jikokinsu suna can har yau. Ni kaina na yi shekaru a Jidda da igama, wato takardar izinin zama, kuma na ga 'ya'yan Hausawa da aka haifa a can, suka girma a can, ba su zama 'yan ƙasar ba domin haihuwa kaɗai ba ta ba da wannan a Saudiyya, iyayensu kuma ba su yi musu takardun Nijeriya ba. Ranar da igamar uba ta ƙare, sai ka ga saurayi an sauke shi a filin jirgin Malam Aminu Kano bai san ko unguwar kakansa ba. Don haka duk ɗan da aka haifa maka a waje, ka kai shi ofishin jakadancinmu a yi masa koren fasfo tun yana goye.

Sai maganar adalci tsakanin matanka, wadda babu ofishin biza da zai tambaye ka ita, amma Allah zai tambaya. Wadda za ta zauna tana da haƙƙin kwana da ciyarwa, kuma sai da yardarta, a gaban waliyyanta, za ka yi irin wannan nisa. Ka kuma rubuta wasiyya bisa ƙa'idar ƙasar da ka je, domin wanda ya rasu a can ba wasiyya, dokarsu ce take raba abin da ya bari, ba rabon gado na Musulunci ba.

Ma'aikacin jinya, Gwammaja:

Na gode ƙwarai, Barista, Hajiya 'Yar Fagge da Baba, Allah Ya bar zumunci. Jiya bayan sallar isha na karanta wa mahaifiyata bayanin sashe na 25 da na 28, ta sa na maimaita mata sau biyu, sannan ta ce to ai shi ke nan, amma ita ba inda za ta je. Matana duka haifaffun Kano ne, iyaye da kakanni. Na duba takardun yara da safen nan, na tarar biyu daga cikinsu ba su da takardar Hukumar Ƙidaya, sai katin asibiti, ɗan yayana kuma sunan mahaifinsa ne a takardar haihuwarsa amma sunana ne a rajistar makaranta. Ranar Juma'a in sha Allahu zan zauna da surukaina na ɓangarorin biyu, domin abin da nake tunani yanzu shi ne in fara tafiya ni kaɗai na shekara ɗaya ko biyu, kowa yana ɗakinsa, kafin a yanke wanda zai biyo. Barista, ina son ƙarin bayani a kan yaron nan: wace kotu ya kamata in fara zuwa a nan Kano domin a rubuta riƙon a hukumance, kuma shin sai mahaifiyarsa, wadda ta sake aure a Wudil, ta zo da kanta ta ba da yardarta?