Yadda za a haɗa ɗaliban lafiya su kula da tsofaffi tare

Malamar jinya, Gyaɗi-Gyaɗi: Assalamu alaikum 'yan zaure. An ɗora mini shirya darasi ɗaya da zai haɗa ɗaliban likitanci, jinya, harhaɗa magunguna da gashin ƙashi kan kula da dattawa. Lacca ba ta shiga, kowa sai ya zauna da 'yan ajinsu. Ku ba ni shawara.

Mai harhaɗa magunguna, Sabon Titi: Wa alaikumus salam, Malama. Fara musu da leda. A roƙi tsohuwa ɗaya ta zo da duk abin da take sha, har na kemis da jiƙo, a zazzage a kan tebur. Na taɓa samun diclofenac, maganin rage ciwo, kala biyu a ledar wata Hajiya mai hawan jini, tana sha saboda gwiwa, ga shi yana tayar da jini yana taɓa ƙoda. Ɗalibin likita zai so ƙara maganin hawan jinin, namu zai ce a cire na gwiwa, na gashi ya faɗi abin da za a yi wa gwiwar. Nan za su ga suna buƙatar juna.

Likitan gashi, Dala: Haka ne, Yallaɓai. A ƙara da gwajin tashi: dattijo ya miƙe daga kujera, ya yi mita 3, ya dawo ya zauna. In ya kai daƙiƙa 12, a ji masa tsoron faɗuwa. Duk su koya, ba namu kaɗai ba. Su kuma tambayi banɗakin gidan, tsuguno ne ko zama?

Likita, Tarauni: Tawa ɗaya ce. A wurin zagayen duba marasa lafiya, ɗalibar jinya ta fara magana, na likitanci ya zo ƙarshe. In ya riga, sauran shiru suke yi, alhali ita ce ta ga gyambon kwanciya tun yana ja. In da hali ki tuntuɓi cibiyar tsofaffi ta asibitin koyarwa na Ibadan, tun 2012 suke wannan aiki.

Ɗalibar jinya, Ƙofar Na'isa: Malamaina, a gafarce ni, kada a manta da mai jinya. Da kakata ta kwanta, gwaggona ce ke juya ta duk awa biyu, amma ba wanda ya taɓa tambayar ta komai.

Malamar jinya, Gyaɗi-Gyaɗi: Wallahi kin yi gaskiya, 'yata. Za a ajiye mata kujera. Yallaɓai, ranar Laraba za ka samu zuwa?

Mai harhaɗa magunguna, Sabon Titi: In sha Allahu, bayan azahar.