Yaya tsuntsaye da dabbobi ke rayuwa a kusa da gida idan dusar ƙanƙara ta rufe ƙasa?

Dattijon Tudun Wada

Assalamu alaikum, 'yan'uwa. Ina fata mun tashi lafiya, ya kuma muke fama da sanyi? Tambaya nake da ita ga waɗanda suka taɓa zama a ƙasashen sanyi, ko suka karanci halin dabbobi. Yarinyar wajena tana zaune da maigidanta a wani ƙaramin garin manoma a jihar Minesota ta Amurka, kuma wannan ne hunturunsu na farko a can. Tun watan Disamba take turo mini hotuna ta WhatsApp na abin da take hangowa ta tagar ɗakin girki: fili fari fat har iya ganin mutum, itatuwa duk sun kaɗe ganye, kuma ta ce akwai safiyar da ma'auni ya nuna digiri 25 ƙasa da sifili. Duk da haka sai ga wasu 'yan tsuntsaye masu baƙin kai suna ta tsalle a kan rassa, ga wani ja wur mai tukku, ga barewa uku da ke fitowa daga bakin daji da magariba, ga kuma sawaye iri-iri da ake wayar gari a tarar a kan dusar.

Mu nan Zariya, idan hunturu ya kankama har ma'auni ya sauko wajen digiri 12 ko 13 da asuba, za ka ga kaji sun takure, awaki sun raɓe a jikin katanga. To, waɗancan da me suke rayuwa, kuma ina suke kwana? Tausayinsu ya kama ta har tana shawarar sayen buhun masara ta riƙa zuba wa barewar, ni kuma na ce ta dakata in tambayi masana, domin mun san akwai lada a ciyar da duk wani mai rai, amma ba na so a cutar da su da sunan taimako. Jikana mai shekara 7 da ke can tare da su ma kullum sai ya tambaye ni, ina so in ba shi amsa mai tushe.

Malami daga Samaru

Wa alaikumus salam, Baba, Allah ya ƙara girma. Na yi hunturu huɗu a kudancin Ontariyo ta Kanada lokacin karatu, kuma tsuntsayen can kusan su ne na Minesota. Ƙaramin nan mai baƙin kai da baƙin maƙogwaro da fararen kumatu shi ake kira cikadi, daga kukansa ya samo sunan. Nauyinsa bai wuce giram 11 ko 12 ba, wato kamar babban cokali ɗaya na sukari, amma yana raye ne da tanadi. Tun da kaka yake ɓoye ƙwayoyi a ƙarƙashin ɓawon itace, ɗaya nan ɗaya can, a wurare masu ɗimbin yawa, kuma yana tuna inda ya ajiye su. Wuni guda yake yi yana ci don ya tara ɗan kitsen da zai ƙone da dare, kuma daren can a Disamba yana kai awa 15. Idan duhu ya yi sai ya shige kogon itace, ya bubbuɗa gashinsa don ya riƙe iska mai ɗumi, sannan ya sauke zafin jikinsa daga wajen digiri 42 da kimanin digiri 10, domin kitsen ya kai shi gari ya waye. Jan mai tukku kuma kadinal ne, namijin ke nan. Macen ruwan ƙasa ce mai jan baki, kuma idan an ga ɗaya a duba da kyau, galibi ɗayan yana kusa.

Abin da ya fi ba ni mamaki da na fara fahimtarsa shi ne, ita dusar da muke ganin azaba ce, bargo ce ga ƙananan dabbobi. Tana cike da iska kamar audugar da aka shiɓe, don haka idan kaurinta ya kai santimita 15 zuwa 20, can ƙasanta inda ta haɗu da ƙasa yakan tsaya kusa da sifili, ko da sama ana digiri 25 ƙasa da shi. A nan ɓerayen daji suke fafe hanyoyinsu, suna cin saiwa da ƙwayar ciyawa, ba wanda ya gan su. Jar yanyawa tana jin motsinsu da kunne daga sama, sai ta tsaya cik, ta karkata kai, ta daka tsalle ta faɗa da kai cikin dusar. Na taɓa ganin haka sau ɗaya a bayan gidan da na zauna, kuma har yau ban manta ba. Saboda haka shekarar da sanyi ya yi tsanani ba tare da dusa mai kauri ba ta fi wahalar da waɗannan ƙananan dabbobi.

Game da tsuntsaye, ba laifi ta ciyar da su. Ta nemi baƙar ƙwayar sanfulawa (babban furen nan rawaya da ake matse mai daga ƙwayarsa), da gyaɗa marar gishiri, da kitsen saniya, ta sa a mazubin da ake ratayewa, ta riƙa wanke shi duk mako biyu saboda cuta. Ta rataye shi dab da taga, ƙasa da mita 1, ko kuma nesa sosai kamar mita 10, domin a tsakanin nan ne tsuntsaye suke tasowa a guje su bugi gilashi su mutu. Idan kuma yankinsu akwai beyar, wata ƙatuwar dabbar daji mai yawan gashi da ke kwanciya a rami duk hunturu, ta sauke mazubin da zarar dusa ta fara narkewa, lokacin da suke fitowa daga ramukansu da yunwa.

Likitar dabbobi daga Hanwa

Barka da war haka, Baba. Kun yi daidai da kuka ce ta dakata, kuma ina roƙo a hana ta zuba masarar nan gaba ɗaya. Barewa dabba ce mai tuƙa kamar akuya da tunkiya, kuma ƙananan halittun da ke cikin tumbinta ne suke narka mata abinci. Da hunturu waɗannan halittu sun riga sun saba da tsinken itace da toho da ɓawo, kuma sai an ɗauki makonni kafin su koma wa wani abinci. Idan ta cika ciki da masara rana ɗaya, hatsin yakan yi tsami a tumbi, tsamin ya shiga jini, ta mutu cikin kwana ɗaya zuwa uku alhali cikinta a cike yake. Duk mai kiwo a nan ya san wannan, domin shi ne abin da ke samun akuyar da ta samu rumbu a buɗe ta kwana tana ci. Na sha zuwa gidaje a kan haka, musamman bayan girbi, kuma ba kowace ake ceta ba.

Akwai dalili na biyu. A Amurka ta Arewa akwai wata cuta da ke lalata ƙwaƙwalwar barewa, tana ramar da ita har ta mutu, ba ta da magani, kuma tana yaɗuwa ta miyau da fitsari da kashi. Tara su a kan tulin abinci guda shi ne hanya mafi sauƙi ta yaɗa ta, shi ya sa a ƙananan hukumomi da dama na Minesota doka ta haramta ciyar da barewa. Ban da haka, abincin yana jawo su tsallaka titi da dare, mota ta kaɗe su.

Kuma su ba marasa gata ba ne kamar yadda ido ke gani. Gashin da suke fitarwa na hunturu yana da rami a cikin kowane sili, yana riƙe ɗumi har ta kai dusa takan zauna a gadon bayansu ba ta narke ba. Sun tara kitse tun kaka, sun rage yawo da ci, kuma idan dusa ta yi zurfi sukan taru a duhuwar itatuwan da ba sa zubar da ganye, inda iska ba ta da ƙarfi. Babban taimakon da za ta yi musu shi ne kada a kore su, kada a bar kare ya bi su, domin kowane gudu a cikin dusa kitsen da zai kai su ƙarshen sanyi yake cinyewa. A gaya wa jikan naku ya sa ido daga Janairu zuwa Maris: mazan barewar can suna zubar da ƙahonsu duk shekara su sake wani, ba kamar tamu ba da ƙahonta ke nan har ta mutu, kuma yana iya tsintar ɗaya a bakin dajin.

Jikan maharba daga Kufena

Allah ya ja zamanin Baba. Ni ban taɓa ganin dusar ƙanƙara da idona ba, amma kakana ya koya mini karatun sawu a kan ƙurar hunturu a gindin dutsen Kufena, kuma ƙa'idar guda ce ko'ina. Sawun dangin kare yana nuna farce, na dangin kyanwa ba ya nunawa domin tana janye nata idan tana tafiya. Yanyawa tana tafiya a miƙe kamar an ja zare, tana sa ƙafar baya a gurbin ta gaba, shi kuwa karen gida yawo yake yi nan da can. Zomo idan yana tsalle manyan ƙafafunsa na baya ne ke sauka a gaba, ƙananan na gaba kuma a baya, ɗaya bayan ɗaya. Kurege ma haka yake, sai dai shi na gabansa a jere suke, kuma sawun nasa yakan ƙare a gindin itace. Yaron ya fita da sassafe bayan an kwana ana zuba sabuwar dusa, ya ajiye wani abu da aka san girmansa kusa da sawun, ya ɗauki hoto ya turo, mu karanta tare.

Sai dai ina so in ce wani abu, tare da girmamawa. Kada mamakin na nesa ya sa mu manta da na ƙofar gida. Ana ba da labarin kwaɗon dajin can da jikinsa ke daskarewa da hunturu ya farfaɗo idan ɗumi ya dawo, amma mu ma muna da gaiwa, wadda ke binne kanta a cikin laka idan tafki ya ƙafe, ta yi watanni tana jiran damina. Sannan da yawa daga tsuntsayen da suka guje wa sanyin Turai nan suke zuwa, bayan sun ƙetare Sahara. Duk wanda ya je bakin madatsar Kubanni ko fadamun Galma a wannan lokaci zai iya ganin ɗan tsuntsun nan mai rawayan ciki da ke bin ƙafar shanu yana kaɗa jela. Baƙo ne, kuma kafin shamuwa ta gama sauka da farkon damina ya kama hanyar komawa. A dausayin Haɗeja da Nguru kuwa, dubban agwagin ruwa na Turai ne ke yin rani.

Akwai wata ƙidayar tsuntsayen harabar gida da ake yi kwana 4 a tsakiyar Fabrairu, wadda cibiyar nazarin tsuntsaye ta Jami'ar Cornell da ƙungiyar Audubon suka fara a 1998, aka buɗe ta ga duniya baki ɗaya a 2013. Minti 15 kawai ake buƙata mutum ya zauna ya ƙirga abin da ya gani ya tura ta intanet. Me zai hana Baba ya ƙirga nasa a Tudun Wada, jikansa ya ƙirga nasa a Minesota, a rana guda?

Dattijon Tudun Wada

Na gode ƙwarai, Allah ya saka muku da alheri, ya ƙara ilimi mai amfani. Na karanta mata bayanin likita ta waya jiya da dare, kuma ta fasa sayen masarar, ta ce yau za su nemo ƙwayar sanfulawa da kitse. Ni ma yau da hantsi na sa an ajiye mini kasko da ruwa a gindin darbejiyar tsakar gida, na ɗauko kujera na zauna. Kafin azahar na ƙirga kurciya shida, da hasbiya biyu, da wasu 'yan jajayen tsuntsaye ƙanana da na shekara fiye da talatin ina gani a gidan nan ban taɓa tambayar sunansu ba. Jikan maharba, zan turo maka hotonsu tare da na wani sawu da yaron ya ɗauka a gefen shingensu, mai yatsu biyar, wanda ya ce ya bi shi har ya shige ƙarƙashin rumfar itacen wuta.