Balaga, Girma ko Ƙosawa? Ina Neman Hausar "Spiritual Maturity"

Jama'a, ku taimake ni. Ranar Lahadi ni na yi tafinta a sujada, baƙon mai wa'azi yana Turanci ina juyawa. Da ya ce spiritual maturity, abin da ya fara faɗo mini a baki shi ne "balaga ta ruhaniya". Ban rufe baki ba matasan bencin baya suka fara ƙunshe dariya, wata yarinya har da toshe baki da gefen ɗankwali. Bawan Allah kuwa bai daina maimaita kalmar ba har ya sauka, ni ina ta sharce gumi.

Ban ga laifin yaran ba. Balaga abin jiki ce, murya ta buɗe, gemu ya tsiro, kuma da kunya ake ambatonta. Ga shi tana zuwa ko kana so ko ba ka so, shekaru ne ke kawo ta. Abin da mai wa'azin yake nufi kuwa shekaru ba sa kawo shi. Mun san mai shekara 30 da baftisma da ya daina gaisawa da ƙanensa saboda iyakar gona. A 1 Korantiyawa 3 Bulus ya kira irin waɗannan jarirai, dalilinsa kuwa kishi da jayayya ne, ba ƙarancin shekaru ba.

Na koma tushe. A Helenanci, harshen da aka rubuta Sabon Alkawari da shi, kalmar ita ce teleios, daga telos, wato inda abu ya nufa. Ita ce a Afisawa 4:13 da Ibraniyawa 5:14 da Kolosiyawa 1:28. Har na yi tunanin "kammala", amma a Filibiyawa 3:12 Bulus ya ce shi kansa bai kai ba tukuna, sai ga shi a aya ta 15 ya sa kansa cikin waɗanda suka kai. Ke nan muna neman kalmar da za ta ce mutum ya kai, ba tare da ta ce ya gama ba. To, wacce?

Amsar wani Baba Fasto mai ritaya:
Ɗana, me kake nema da nisa? "Girma cikin bangaskiya" muka taras, shi muka yi wa'azi da shi. Tun da Likita Mila da abokan aikinsa suka fitar da Littafi Mai Tsarki da Hausa a 1932 mutanenmu suke gane zancen nan ba tare da sabuwar kalma ba. Buɗe Ibraniyawa 5, abinci mai tauri na manya ne, madara ta jarirai. Ku yaran yanzu kun cika son gyaran abin da bai lalace ba.

Ni:
Baba, Allah ya ƙara girma, ban ƙi ta taka ba. Sai dai kun ga yanzu ma da na ce "girma", matsayi nake nufi. Idan aka ce manyan ikkilisiya, kujerun gaba ake kallo. Tsorona kada wanda aka zaɓa dattijo ya ɗauka shi ke nan ya samu. Sannan girma tafiyar ce, ni kuwa sunan inda tafiyar take kaiwa nake nema.

Wani ɗan'uwa ya kawo "dattako". Kalma ce mai daɗi, don ana cewa yaro ne amma akwai dattako. Amma hali kawai take nunawa, ba ta faɗi inda ya samo asali ba. Wani ya ce "riƙa", na ce ka taɓa jin riƙaƙƙen da ba ɓarawo ba? Muka wuce.

Amsar wata Mama 'yar Zumuntar Mata:
Ɗana, ni ban yi makarantar Littafi ba, gona na sani. Idan muna so mu san dawa ta yi, ba tsawon kara muke dubawa ba. Wata karan ya fi mutum tsawo, zangarniyar ba komai. Ƙwaya ɗaya za ka cire ka matsa da farce. In ta fitar da farin ruwa kamar madara, da saura. In ta yi tauri ta ƙi farce, sai mu ce ta ƙosa. Ba haka Yesu ya faɗa a Markus 4 ba? Tsiro, sai kai, sai ƙwaya cikakkiya, manomi yana barci yana tashi bai san yadda aka yi ba. Mu ma a zumunta mun san masu dogon kara. Addu'a har rufin kwano yana amsawa, amma taɓa ta kaɗan a kan kuɗin anko ka ga madara. Ba girin-girin ba dai, ta yi mai.

Ni:
Mama, kin gama magana! Madarar Ibraniyawa ga ta a cikin ƙwayar dawa. Kuma mukan ce ƙosasshen rago, wanda ya ci ya ƙoshi abincin ya bi jikinsa. Dawa ba ta ƙosar da kanta, ruwa da rana ne, nan ma ya dace da aikin Ruhu Mai Tsarki.

Amsar wani matashi:
Yaya, a yi hattara. A wurinmu "na ƙosa" ai na gaji ne. In na ce na ƙosa cikin bangaskiya, mamata za ta kira fasto a daren.

Ni:
Ƙanena, ka yi gaskiya, na yi dariya. Amma na gajiya "ƙosa da" ne, ko "na ƙosa in tafi". Namu kuma ba kalmar da mutum zai faɗa a kan kansa ba ce, wasu ne za su matsa ƙwayar su faɗa.

Ga inda na tsaya. Tafiyar, girma cikin bangaskiya, kamar yadda Baba ya ce. Inda ake so a kai, ƙosawa cikin bangaskiya. Mutumin, ƙosasshen mai bi, mace ƙosasshiya, jam'i ƙosassun masu bi. Na ajiye "ruhaniya" don takarda, a kan bagadi bangaskiya ta fi saurin shiga kunne. Baƙon zai dawo ƙarshen wata, zan gwada ina kallon bencin baya. Kafin nan, 'yan'uwa na Maraɗi da Galmi a Nijar, a wajenku ma hatsi ƙosawa yake yi, ko nuna kawai kuke cewa?