Ɗiyata ta samu BAC D, babanta ya ce sai likita

Uwar tagwaye: Assalamu alaikum jama'ar zaure. Don Allah shawara nika biɗa. Ɗiyata ta samu BAC D (jarrabawar gama sakandare, ɓangaren kimiyya) bana alhamdulillahi, to babanta ya kahe shi sai ta yi likita a Yamai, ita kau wai agronomi (ilimin aikin gona) taka so, kwana uku ke nan ba ta cin abincin kirki. Ni ban yi lakwal mai nisa ba balle in raba gardama. Mi kunka gani?

Mushe mai ritaya: Wa alaikumus salam, barka Hajiya, Allah shi yi albarka. Kahin komi ki ɗauko takardar makinta ta BAC a duba lissafi, fizik-shimi da SVT (kimiyyar halittu da ƙasa), nan ne gaskiya take. Seri D tana buɗe ƙofa biyun duka, amma likita shekara 7 ne ko fiye kahin ta riƙe takarda, agronomi kuwa lisansi shekara 3, in ta so ta ƙara masta shekara 2.

Alhaji mai kanti: Hmm Hajiya ni zan ba ki labari don a kaina ta faru. Ɗana na fari ni na tilasta mishi likita don kawai in ji ana ce min baban lokotoro, yaron kuma jini ma ba ya son gani, ya yi shekara biyu yana maimaita ajin farko bai gaya min ba, duk wata ina aika kuɗɗi ina tambaya ya karatu yana cewa alhamdulillah, sai daga bakin abokinshi na ji. Yanzu lissafin kuɗi yake karantawa kuma ko sau ɗaya bai faɗi ba. Laifina ne wallahi, ba na malamai ba.

Uwar tagwaye: Allahu akbar. Alhaji da za ka gaya ma maigidan da bakinka, ku maza kun fi jin na junanku.

Inna malamar asibiti: Ni dai kada a kashe ma yarinya gwiwa da likita, muna bukatar mata ƙwarai, mata nawa ke ƙin zuwa awo don namiji ne zai duba su. In tsawon shekarun ne matsala akwai ENSP, makarantar gwamnati ta koyon aikin lafiya, ta yi ungozoma ko jinya. Amma sai in ranta na so, aikin dare da gadi ba a yin shi don faranta ma uba.

Tsohon ɗalibin Harobanda: Mama ai agronomin ma ba sai ta bar gida ba, jami'ar Djibo Hamani ta nan Tawa tana da fakilte na aikin gona, ga na shari'a da tattalin arziki, ga IUT, sashen koyon fasaha. Akwai kuma agronomin a jami'ar Abdou Moumouni ta Yamai da ta Dan Dicko Dankoulodo ta Maradi. Kuma a daina ganin kamar hauya za a ba ta, ƙasar da ke fitar da albasar Galmi har Gana da Kodebuwa, ga fadamun Ƙonni, ga INRAN da AGRHYMET, cibiyoyin bincike kan noma da yanayi, wa zai ce babu aiki a ciki? Ni na yi karatu Harobanda, unguwar jami'ar Yamai, na san wahalar wurin kwana da ta mota, yarinya mace in babu dangi na kusa sai an yi tunani.

Alhaji mai kanti: To yaro fahimtar da mu, mi ne ne wanga LMD da suke ruɗa mu da shi?

Tsohon ɗalibin Harobanda: Baba LMD tsarin karatun jami'a ne, lisansi, masta da doktora. Shekara kashi biyu ce, ana ce ma kowane semes, kowane yana da kiredi 30, wato awon karatun da aka ci, lisansi ke nan 180. In yaro ya faɗi wata matiya (darasi) yana da ratirapaji, wato sake jarrabawa, wani lokaci ya wuce aji da bashi a kai. Don haka kada ku tambayi "ka wuce?", ku ce ya nuna muku takardar maki ta kowane semes. Kuma yarinyar ta kama ƙafa da na gaba da ita tun makon farko, su ke da tsofaffin jarrabawa.

Mushe mai ritaya: Kada a manta dosiyen bursu na ANAB, hukumar ba da tallafin karatu, a shirya takardar haihuwa da ta ɗan ƙasa tun yanzu a buga musu hatimi. In kuma kun karkata ga makaranta mai zaman kanta ku nemi ganin izinin gwamnati, ku tambaya ko CAMES, hukumar Afirka mai tantance takardun jami'a, ta amince da takardar. Ɗan ƙanena ya biya shekara 3 a wata, da ya je kwankur, jarrabawar ɗaukar aiki, aka ce ba a karɓar irinta.

Uwar tagwaye: Na gode Allah shi bar zumunci. Na duba takardar yanzu, SVT ɗin ne ya fi, lissafi kau da ƙyar ta haye. Mushe in mun zo gidanka da babanta bayan la'asar gobe za mu iske ka?

Mushe mai ritaya: Ina nan in sha Allah. Ku zo da yarinyar, ita nika so in ji.