Injin tafiya mai wuta ko na ƙafa, wanne zan saya wa Inna?

Ɗan Ringim:
Assalamu alaikum 'yan uwa, don Allah shawara nake nema. Innarmu tana fama da suga da hawan jini, likita ya ce ta riƙa tafiya kullum, to kun san ƙauye, dattijuwa ta fito tana zaga gari da sassafe sai a yi ta tambayar ta ko lafiya, wallahi ba za ta yarda ba. Shi ne muke so mu haɗa kuɗi da ƙannena mu saya mata injin nan da ake tafiya a kansa a ɗaki. Na ga kala biyu ne, mai wuta da wanda ƙafa ke turawa, mai wutar akwai tsada ga wuta a wajenmu sai a hankali. Gwiwarta ma tana damun ta.

Maman Khalifa:
Wa alaikumus salam, Allah ya ba Inna lafiya. Ni na ƙafar gare ni a nan Ɗambatta, kuma gaskiya kar ka saya mata shi. Bel ɗin, wato shimfiɗar da ake takawa, ba ya motsi sai ka tura shi da ƙarfi, shi ya sa suke ɗaga gabansa kamar kana hawa tudu, dole ka damƙe ƙarfen hannu biyu ka duƙa gaba, in ka ɗan sassauta sai ya cije ya tsaya cak, ka sake turawa ya fizge. Ga shi siriri kuma gajere. Ni da ƙarfina ma sai na ji shi a gwiwa da ƙwauri balle dattijuwa. Amfaninsa dai arha, ba ruwansa da NEPA, ka naɗe ka jingine a bango.

Mai gyaran wuta Bichi:
Malam in dai don tafiya ne mai wutar ya fi, shi ke jan bel ɗin da kansa daidai wa daida, za ka iya sa mata a hankali ƙasa da kilomita 2 a awa, kuma akwai igiya da ake maƙalawa a riga, in ta zame sai injin ya mutu nan take. Amma ka ji inda matsalar take. Ƙaramin janareton nan na caji da fanka ba zai ɗauke shi ba, kuma wutar da ke hawa da sauka ita ke ƙona bod ɗinsa, wato allon lantarkin da ke sarrafa moton, bod kuwa samunsa aiki ne ko a Sabon Gari, don haka sitabilaiza dole ne. Sai ƙura, lokacin hunturu tana cika moton ta shige ƙarƙashin bel, a riƙa rufe shi da zani. Man silikon ake sa wa bel, kar wani ya ce maka a zuba baƙin mai. In na hannu za ka saya ka hau da kanka ka yi minti goma a shagon, ka taɓa murfin moton ka ji zafinsa.

Anti Nas:
Ni fa ban ga dalilin gaggawar saye ba ɗana. Motsa jiki na minti 150 a sati Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce, kuma ba sai a lokaci ɗaya ba, ta yi minti goma goma bayan cin abinci a tsakar gida, daga ƙofar ɗaki zuwa rumbu ta dawo, jikoki su taya ta. Ka saya mata takalmi rufaffe mai taushi, mai suga ba a so ya yi tafiya ba takalmi, ƙaya kan soke shi bai ji ba. In tana shan magani ko allura a ajiye dabino kusa ko sugan zai sauka.

Ɗan Ringim:
Na gode Allah ya saka. Anti za mu fara da tsakar gidan, damina ce kawai matsala don taɓo yake zama. Malam muna da sola ta fitila da fanka, za ta ja mai wutar?

Mai gyaran wuta Bichi:
Ta fitila ba za ta ja ba. Ka ɗauko min hoton lambar jikin inbatar da na batirin, in ga ko ƙari za a yi.